Mutum Nawa Ke Da Mabuɗin Ɗakinka?

Kamarad, kai da ke zaune gidan haya, kafin ka ci gaba da karanta wannan takarda laluba aljihunka ka fiddo mabuɗin ɗakinka ka dube shi. Guda nawa aka ba ka ranar da ka shiga? Ɗaya. To kuba ko kwaɗo, in sabo ne daga shago, da mabuɗi uku yake zuwa, wani ma huɗu. Ina sauran suke? Ɗaya yana wurin mai gida, wannan ka sani. Ɗaya wataƙila yana aljihun dillalin da ya kawo ka. Wanda ya zauna ɗakin kafin kai, da wanda ya zauna kafin shi, da abokin da suka yanka wa kwafi a kasuwa don ya riƙa zuwa barcin rana, duk ba ka san su ba, su kuwa sun san ɗakinka, sun san inda taga take, sun san ranar Litinin da safe ba kowa cikin gidan sai kaji.

Abin da nake cewa ba shi da wuyar ganewa. Ɗalibi ba bango huɗu yake haya ba, ba kuma inuwa ba, don inuwa akwai ta kyauta ƙarƙashin kowane dogon yaro na bakin hanya. Abin da muke biya wa kuɗi kowane ƙarshen wata shi ne mu tafi amfi mu dawo mu tarar da kayanmu inda muka bar su, mu kwanta da dare mu san ba wanda zai tsaya kanmu ba da izininmu ba. Wannan kuwa ƙofa ke ba da shi. Mai gidan da ya karɓi kuɗin haya ya ba ka ƙofar da ba ta kulluwa, ko wadda rabin unguwa ke da mabuɗinta, ya karɓi kuɗin abin da bai ba ka ba. A kasuwa akwai sunan da ake kiran irin wannan ciniki, kuma ba suna ne mai daɗi ba.

Tun 2010 da aka buɗe jami'o'in Maradi, Damagaram da Tawa, ɗalibai ke ƙaruwa kowace shekara, gadajen site kuwa ba su bi sawu ba. A Yamai ma, wanda ya zaga Harobanda ya san labarin. Saboda haka duk mai fili kusa da jami'a ya zama mai gidan haya. A jera ɗakuna shida ko takwas suna kallon juna, bayan gida ɗaya, famfo ɗaya, a kira mai walda ya haɗa ƙyamare da kwano mafi arha, a sa fenti shuɗi don ya yi kyau a ido. Ban ce laifi ne mutum ya nemi halaliyarsa ba. Amma ku duba ƙyamaren nan da kyau. Wani kwanon, da gwiwa za ka lanƙwasa shi. Wani kuma an yi masa kafofin shan iska dab da sakata, yaro ɗan shekara goma zai zura hannu ya zare ta daga waje. Marataya kwaɗon da ƙusa mai juyi aka kafa ta, kawunan ƙusoshin suna waje, ɓarawo ba ya ma buƙatar taɓa kwaɗonka mai tsada, ya kwance ƙusa huɗu ya ajiye maka shi a kulle yadda ka bar shi. Ƙarfen da ke riƙe da ƙyauren an dasa shi cikin bango da siminti kamar na roƙo, damina biyu ta sa ya fara rawa. Su kuma ƙananan kwaɗunan nan masu arha da suka cika kasuwa, kowa ya taɓa zama gidan haya ya san mabuɗin wani kan buɗe na wani.

Wannan ƙofar ɗaki ke nan. Babbar magana tana ga ƙofar gida, wadda kowa ke bi. Ita ce marainiya. Ba ta kowa ba ce cikin ƴan haya, mai gida kuma yana can wata unguwa cikin gidansa mai katanga da waya da mai gadi. Sakatarta ta karye tun bara, an tokare ta da dutse. Ko kuma akwai kuba, mabuɗi ɗaya tak ga mutum goma sha biyar, sai aka yanke shawarar a daina kullewa don kar a riƙa tada mutane cikin dare. Ga shi kuwa mu a ƙasar nan wata uku cikin shekara ba a ɗaki muke kwana ba. Daga Maris zuwa saukar ruwa, wa zai iya kulle kansa cikin ɗakin kwano? Kowa tabarma yake fiddawa tsakar gida, ɗakuna a buɗe don su sha iska, salula ƙarƙashin matashi, babur a jingine gefen famfo. A lokacin nan ba abin da ke tsakaninka da titi sai ƙofar gida. In dutse ne ke riƙe da ita, to a titi kake kwance, illa dai kai kana biyan kuɗin wata.

Gidan da na zauna shekarata ta biyu haka yake. Sau uku muka aika wa mai gidan, sau ɗaya muka taka har shagonsa mu huɗu, muka durƙusa muka gaishe shi kamar yadda ya kamata. Ya ce: "Ƴaƴana, mi kuke tsoro? Unguwar ga ba a sata. Allah shi ka tsaro." Cikin watan Afrilu aka shiga da dare aka ɗauke kwamfutar maƙwabcina, da memuwar ɗinsa na lisans a ciki, aikin wata bakwai, saura mako uku ya ajiye. Ba a fasa komai ba, don ba abin fasawa. Da safe mai gidan ya zo jaje, ya yi addu'a mai tsawo, ya ce ƙaddara ce. Ƙarshen wata yaronsa ya zo karɓar haya, bai rage ko dala ba.

Allah shi ke tsaro, wannan gaskiya ne, ba mai musu. Amma Alhajin da ke faɗa maka haka, je ka ga shagonsa da magariba: kwaɗo uku, sanda ta ƙarfe a gicciye, ga kuɗin ƴan banga da yake biya kowane wata. Ashe tawakkalin nasa ɗakin ɗalibi kaɗai ya shafa. Tun muna makarantar allo aka koya mana cewa a ɗaure raƙumi tukuna sannan a dogara ga Allah. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon nan ba namu ba ne.

Sai kuma ya ce maka: "To ku gyara mana, ai ku ke ciki." Nan ne ya kamata mu san abin da doka ta ce, saboda yawancinmu muna gardama da mai gida da zafin rai kawai, shi kuwa zafin rai ba ya sa sakata. Ƙasar nan tana da dokar haya ta musamman, mai lamba 96-016 ta ranar 18 ga Afrilu 1996, tun farkon mulkin Ba'are. Ɗalibi nawa ya taɓa riƙe ta a hannu? Bayan ita akwai kundin dokar farar hula da muka gada daga Faransa, wanda tushensa na 1804 ne, kuma shi ne ginshiƙin da ƴan sashen shari'a ke karantawa kan haya. Aya ta 1719 ta ɗora wa mai gida abu uku: ya miƙa wurin, ya kula da shi yadda zai yi amfanin da aka yi hayarsa dominsa, ya kuma bar ɗan haya ya zauna lafiya muddin hayar tana tafiya. Ta 1720 ta ƙara cewa ranar miƙawa sai wurin ya kasance a gyare ta kowace fuska. Ɗakin kwana da ƙofarsa ba ta kulluwa, ta wace fuska yake a gyare?

Ba zan ɓoye muku wadda ba ta yi mana daɗi ba, don wani mai gidan ɗansa ya yi karatun shari'a, zai fiddo muku ita. Aya ta 1754 ta lissafa ƙananan gyare-gyaren da ke kan ɗan haya, kuma a cikin lissafin akwai ƙyaure, da abin da yake juyawa a kai, da sakata, da kuba. Wato in kai ka karya mabuɗi cikin kuba, ko ka banki ƙofa da ƙafa ranar da ka manta mabuɗinka a fak, kai za ka biya, kuma daidai ne. Amma ayar da ke bi mata, 1755, ta ce in tsufa ne kaɗai ya lalata abin, ko wani abin da ya fi ƙarfin mutum, ba a ɗora wa ɗan haya. Sakatar da tsatsa ta cinye tun kana sakandare ba aikinka ba ce. Ƙofar gida kuma, wadda ba cikin ɗakin kowa take ba, ban ga ta inda za a rataya ta a wuyan mutum ɗaya cikin ƴan haya ba.

Tarkon yana ga aya ta 1731, kuma nan nake so ku buɗe ido. In ba a rubuta yadda ɗakin yake ranar shiga ba, doka tana ɗauka cewa lafiya lau ka karɓe shi, sai fa in ka kawo shaidar akasin haka. Mu kuwa yaya muke shiga? Dillali ya tura ƙofa da kafaɗa, ka leƙa, ka ga akwai ƙwan lantarki, ka ƙirga masa abans na wata biyu ko uku, da kuɗin ajiya, da nasa la'adar, ba takarda, wani lokaci ko rasi babu. Ranar fita sai a ce kai ka ɓata kuba, a riƙe kuɗin ajiyarka. Ɗalibin da zai shiga bayanka shi ma a riƙe nasa kan kubar nan dai, wadda har yau ba a taɓa ba. Kuba ɗaya ta ci kuɗin ajiyar mutum biyar, kuma tana nan a karye. Wannan ba sakaci ba ne, sana'a ce.

Haka nan kar wani ya ruɗe ku cewa duk abin da ɓarawo ya ɗauka mai gida zai biya. Aya ta 1725 ta sauke masa alhakin ta'adin da wani can daban ya yi maka. Shi ya sa faɗan namu na kafin sata ne. In an riga an kwashe, sai zaryar kwamisariya da ihu bayan hari.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai. Mai gidan nan da ya shekara yana ce maka ba kuɗin mai walda, bari burs ya makara wata biyu, abin da kowa ya san ba laifinka ba ne, ka ga ikon Allah. Ka dawo daga fak ka tarar da wani ƙaton kwaɗo sabo ful a kan naka, littattafanka da katinka da tukunyarka suna ciki. Wani ma ya fi haka: ya zo da mai aiki a cire ƙyauren gaba ɗaya a jingine shi a zaure, wai sai ka biya. Ashe akwai kuɗin kwaɗo. Ashe mai walda yana kusa, cikin awa ɗaya ake samun sa. Mutumin da ya cire maka ƙyaure don ya matsa maka, ya shaida da hannunsa cewa ya san ɗaki ba ƙofa ba ɗaki ba ne. To watannin da ka yi da ƙofar da ba ta kulluwa fa, hayar me ya karɓa? Bashin haya bashi ne, dole a biya, amma hanyar karɓarsa sananniya ce: sanarwa, sulhu gaban mai unguwa, in ta ƙi sai alƙali. Ba dokar da ta naɗa mai gida alƙali da ɗan sanda a kan ɗan hayarsa.

Ƴan'uwanmu mata su ne suka fi sanin zafin wannan, kuma su ne suka fi yin shiru, don in sun yi magana sai a juya ta kansu. Yarinya ta baro Tasawa ko Madawa ko Magarya, iyayenta sun amince da ƙyar, ta kama ɗaki da ƙawarta. Mai gida yana da mabuɗi, ɗansa saurayi ya san inda ake rataye shi. A shiga "duba mita", a shiga "duba yoyo", ba sallama, ba sanarwa, wani lokaci tana ciki, wani lokaci ta dawo ta ga an taɓa mata kaya. Ta ce za ta canza kuba, a ce: "Ke ɗiyata, mi kike ɓoyo?" Tambayar kanta cin mutunci ce. Ɗakin da ka ba da haya ya zama mazaunin wani har ranar da hayar ta ƙare. Suratun Nur ta hana shiga gidan da wani ke zaune sai da izini da sallama, kuma ba ta ware mai takardar fili ba. In akwai gyaran da za a yi, a faɗa, a sa rana, a zo tana nan. Wasu gidajen kuma an bi ta ɗaya gefen: a kulle ƙofar gida daga waje ƙarfe goma na dare, mabuɗi ya tafi da mai gida, wai tarbiyya. Ranar da gas ya kama, ko ciwo ya tashi wa wata ƙarfe biyu na dare, ta ina za a fita? Ƙofar tsaro ita ce wadda na waje ba ya iya buɗewa, na ciki kuma yana iyawa. In an juya ta, sunanta kurkuku.

Wani zai ce mini ai a fiƙihun Malikiyya ba a tilasta wa mai gida gyara. Haka ne, shi ne mashahurin zance a Muhtasar na Halil. Amma a ƙarasa karatun: in lalacewar tana cutar da mai zama, yana da zaɓin ya warware hayar ya fita. Wato malamai ba su ce a ɗaure shi da abans na wata uku cikin ɗakin da ke cutar da shi ba. Mai gidan da zai kafa hujja da rabin farko, sai ya shirya maido da kuɗin watannin da ba a zauna ba.

Na san ba duk masu gida ne Alhazan kasuwa ba. Akwai gwauruwar da ɗakuna uku ne abincinta da na marayunta, akwai tsohon ma'aikacin da fanshonsa ba ya kai shi tsakiyar wata. Irin waɗannan ba da faɗa ake zuwa musu ba. A ce: "Inna, za mu kira mai walda mu biya, a cire cikin hayar wata biyu." Sau da yawa sukan yarda, don gidansu ne ke ƙara daraja. Sai dai a rubuta, ko da a bayan takardar kwas ce, ta sa hannu ko ta dangwala, a ajiye rasin mai aikin. Kar kuma wani ya ce ya daina biyan haya da kansa don ƙofa ta lalace. In ka yi haka ba rubutu, ka miƙa masa sandar da zai buge ka da ita, magana ta tashi daga ƙofa ta koma bashi.

Cikinmu ma akwai masu taimakon ɓarawo ba su sani ba. Wanda ke dawowa daga fada ƙarfe ɗaya ya bar ƙofar gida a wangale don kar ya yi ƙara. Wanda ke ajiye mabuɗi ƙarƙashin buta, wurin da kowane ɓarawo ke fara dubawa. Wanda ya yanka wa abokai uku kwafi, ya tafi bakans ya bar su da ɗaki. Wannan namu ne, mu gyara shi tsakaninmu. Amma kar mai gida ya ɓuya bayansa, don sakacin ɗalibi ɗaya ba ya ɗauke wa kowa nauyin sakatar da ta shekara a karye.

Me ya sa suke mana haka? Don sun san in ka fita yau, gobe dillali zai kawo wani ɗan sabon bak da jakarsa a ka, wanda bai san kowa a gari ba. "In ba ka so, ga wani nan na jira." Ɗalibi ɗaya ba shi da amsar wannan magana. Ɗalibai ɗari uku na unguwa ɗaya suna da ita. Mu da muka iya rufe fak gaba ɗaya kan burs da abincin resto da motocin bas, ban ga abin da ya sa maganar haya ba ta taɓa samun wuri mai kyau cikin takardun koke na USN ba, alhali waɗanda ke kwana cikin gari ɗalibai ne kamar na site. Ko don shugabannin yawanci suna da gado a site? Tambaya ce kawai, kamarad, kar a tsayar da ni a babban taro.

Abin da nake nema bai kai a kira shi juyin juya hali ba. Ranar shiga, a canza cikin kubar gaban ɗan haya, ƙusa ɗaya ce ake kwancewa, minti biyar, kuɗinsa bai kai rabin hayar wata ba, a miƙa masa mabuɗan duka. In mai gida yana son ya riƙe ɗaya saboda gobara, sai da yardar mai ɗakin, cikin ambulan a liƙe da sa hannu a bakin. Ƙofar gida ta kasance da kuba mai aiki, kowane ɗaki da mabuɗinsa, gyaranta a kan mai gida. Kafin ka ba da ko dala, ɗauki hoton ƙyaure ciki da waje, da sakata, da marataya kwaɗo, ka tura wa mai gidan ta WhatsApp a ranar, don kwanan wata ya zauna. Kulle ƙofar da kanka ka girgiza ta gaban dillali. In ya ce sauri yake yi, to saurin kuɗinka yake yi. Kowace unguwar ɗalibai kuma, Ali Ɗan Sofo ce ko Garin Malam ko Karaje, a samu littafi guda hannun wakilan ƙungiya, a riƙa rubuta gidan da aka cire wa ɗalibi ƙyaure da gidan da aka gyara ƙofa ba gardama, sababbin zuwa su duba kafin su bi dillali. Masu gidan kirki ma za su so littafin nan, don zai kawo musu mutane.

Ƴan sashen shari'a, aikinku ne ku tsara mana takardar yarjejeniya shafi ɗaya, Hausa a gaba, Faransanci a baya, da gurbin da za a rubuta adadin mabuɗai da halin da ƙofa take. Duk wanda ke da kwafin dokar 1996 ya zo da ita zamanmu na gaba, mu haɗa kuɗin fotokopi kafin sababbin ɗalibai su fara sauka tasha.